Yadda ake awon ido kafin aikin cire yana

Jama'armu na Agege da Mile 12 masu kai iyaye asibiti, dan Allah kar ku ɗauki ranar awon ido a matsayin ɓata lokaci. Wajen aikin yana, likita cire gilashin cikin idon da ya dushe yake yi ya sa na roba, shi kuma na robar lamba gare shi kamar tabarau, to awon nan ne ke nuna lambar da ta dace, kuma in an sa ya zauna kenan.

Tun daga gida ake farawa. Ranar kar Baba ko Hajiya su sa kwalli. Mai manna gilashi a ƙwayar ido ya cire shi sati 1 zuwa 2 kafin awo, in mai tauri ne ma ya fi haka. Ku zuba magungunansu a leda ku tafi da su, na suga, na hawan jini, musamman tamsulosin da dattawa ke sha don matsalar fitsari, yana iya ba likita wahala a tiyata in bai sani ba. In an taɓa aiki a idon, ku faɗa.

Ko asibitin koyarwa na LUTH ne a Idi-Araba ko na LASUTH a Ikeja, tsarin kusan ɗaya ne. Za a ce mara lafiyar ya ɗora haɓa a na'ura ya jingina goshi ya kalli ɗan haske, babu zafi. Ana auna tsawon ido daga gaba zuwa baya, yawanci milimita 23 zuwa 24, da kuma lanƙwasar fuskar idon. Nan fa ake so ku tsaya kusa ku fassara masa da Hausa, ya ƙyafta in an ce, ya daina motsi in an ce, don kuskuren milimita 1 kacal ya isa ya bar mutum da tabarau mai kauri bayan an sha wahalar aiki. Ido biyun ake aunawa don a gwada su, kar ku yi zaton kuskure ne.

In yanar ta yi kauri haske ya kasa ratsawa, sai a ɗiga maganin kashe zafi a auna da sikanin, ɗan tsinken na'urar ya taɓa idon.

Sau da yawa ana ɗiga maganin buɗe ido, gani zai yi dishi-dishi na wasu awanni kuma rana za ta dame shi, saboda haka kar ya yi tuƙi, kar kuma a bar shi ya shiga danfo shi kaɗai. Ku tambayi ranar aikin da gwajin jinin da ake so kafin ku fito.