Darasi na 9: Saƙa da Ulun da Ba a Kaɗa Ba

Iyayenmu mata sun san matakan auduga: a gurje, a shiɓe, a yi sutu, sannan a kaɗa da mazari ya zama zare. Kaɗin nan shi ke murɗe gashin ya ba shi ƙarfi. A wannan darasi za mu yi saƙa da ulun da aka wanke aka taje, aka ja shi siriri, amma ba a murɗa shi ba.

Mutanen ƙasar Aislan, a arewacin Turai, sun shahara da wannan saƙa. Suna kiran ulun lopi. Ana naɗe shi zagaye kamar faifai, kuma giram 100 yakan kai wajen mita 300. Tumakinmu na gida, Yankasa da Uda da Balami, gashi gare su gajere, ba ya saƙuwa. Don haka ulu na gaske daga waje yake zuwa, kuma yana da tsada. Yawancin abin da ake kira ulu a kasuwar Balogun ta Legas zaren roba ne. Ki gwada kafin ki saya da yawa: tsinki kaɗan ki kusanta shi da ashana. Ulun tunkiya yana ƙaurin gashi, tokarsa tana murmushewa. Na roba narkewa yake yi ya dunƙule.

Yanzu ga aikin hannu. Nan ne ya kamata ki natsu.

Wannan ulu ba ya son ja. Kada ki fizgo shi daga naɗinsa. Ki warware kamu biyu ko uku ki ajiye a cinya, sannan ki saƙa. In ya ƙare ki sake warwarewa. Mai koyo ta haɗa sili biyu wuri ɗaya, don ya fi jure hannu. Ki yi amfani da tsinken saƙa na katako mai ɗan kauri, domin na ƙarfe yana da santsi. Ki saki hannu, kada ki matse idon saƙar a jikin tsinke.

Zai tsinke, ko a hannun gwana. Wannan ba ɓarna ba ce, kuma kada ki ƙulla shi. Ki ɗora bakin wannan a kan bakin wancan kamar tsawon yatsa, ki ɗan jiƙa tafin hannunki da ruwa, ki murza su tsakanin tafukanki har ki ji ɗumi. Gashin ulu yana da ƙananan ɓawo da ido ba ya gani, ruwa da ɗumi da murza su ke sa su kama juna. Zaren roba ba ya yin haka. Da zarar ulun ya shiga saƙa, kowane ido yana riƙe ɗan'uwansa, sai ki ga abin ya yi ƙarfi, ga laushi, ga rashin nauyi.

Wata za ta ce, da zafin Legas wa zai sa ulu? 'Yan'uwanmu na Jos da Kano suna bukatar hular sanyi daga Disamba zuwa Janairu, kuma masu tafiya gida daga Agege da Idi-Araba suna neman tsaraba. Sai dai wannan ulu yakan yi wa fatar jariri ƙaiƙayi, ya fi dacewa da manya.

Wanki kuwa, ruwan sanyi da sabulu kaɗan. Kada a cuɗa, kada a murɗe, in ba haka ba hular za ta tsuke. A shimfiɗa a inuwa ta bushe sarai kafin a adana, saboda laimar Legas tana kawo fumfuna.

Aiki a aji:

1. Karanta ki rubuta a littafinki: ulu, sutu, mazari, tsinke, kaɗi.
2. Naɗi ɗaya mita 300 ne. In kin haɗa sili biyu daga naɗin, mita nawa za ki samu?
3. Ɗora ido 15 a kan tsinke, ki saƙa layi 10. Ki tsinka ulun da gangan sau ɗaya, ki haɗa shi, ki nuna wa Malama.