Kurakuran da aka fi yi wajen lissafin harajin fansho bayan rasuwar mahaifi

Idan magidanci ɗan fansho ya rasu a Katsina, yawanci babban ɗa ko babbar 'ya ce ke ɗaukar ɗawainiyar takardunsa, domin mahaifiya tana cikin takaba ta wata huɗu da kwana goma, ba ta da halin zirga-zirgar ofisoshi. A wannan tsakanin ne ake tafka kurakuran da ke jawo wa iyali asara, kuma kusan dukkansu tushensu ɗaya ne, wato haɗa kuɗi iri uku a wuri guda: wanda mamacin ya samu kafin rasuwarsa, wanda ya zama na magada baki ɗaya, da wanda yake na mahaifiya ita kaɗai. Duk lissafin da aka fara ba tare da an raba waɗannan ukun ba, ba zai fita daidai ba, komai ƙwarewar mai yin sa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗauka cewa fansho kamar albashi yake, don haka dole a cire masa haraji. Dokar Garambawul ga Fansho ta 2014, wadda Hukumar Fansho ta Ƙasa, PenCom, ke kula da aiwatar da ita, ta faɗa a sashe na 10 cewa kuɗin da ake biya a matsayin haƙƙin ritaya a ƙarƙashinta ba a ɗora masa haraji, kuma sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta bar wannan rangwamen yadda yake. Saboda haka idan Hajiya tsohuwar malamar makaranta ce ko ma'aikaciyar jinya mai karɓar nata fanshon a wannan tsarin, ba a sa shi cikin kuɗin da za a yanka wa haraji. Fanshon da ya fito daga wata yarjejeniya ta daban, kamar wanda wani kamfani ke biyan tsoffin ma'aikatansa daga aljihunsa, shi ne ya kamata a kai takardunsa ofishin haraji a nemi su bayyana matsayinsa a rubuce, a kuma adana amsar.

Daga nan wasu kan faɗa kishiyar wannan kuskuren, su ce tunda an yafe wa fansho haraji, to duk abin da ya shiga hannun tsohuwa an yafe masa. Ba haka dokar take ba. Gado kansa ba kuɗin shiga ba ne, kuma Najeriya ba ta karɓar harajin gado, amma abin da dukiyar gadon ta haifar daga baya, kamar kuɗin hayar gida ko shago da ribar kasuwanci, kuɗin shiga ne kamar na kowa. Idan an karɓi ragowar asusun fanshon mamaci aka saya wa mahaifiya shago da kasonta, kuɗin da aka karɓo babu haraji a kansa, hayar shagon kuwa akwai.

A nan ne ya kamata a tsaya a yi lissafi a tsanake, domin a nan aka fi cutar tsofaffi ba da gangan ba. A sabuwar dokar, naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara ba a karɓar komai a kansu. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana karɓar kashi 15 cikin ɗari, miliyan 9 na gaba kashi 18, haka yake hawa har zuwa kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. A ɗauki misalin mamacin da ya bar mata ɗaya da 'ya'ya, da shaguna a Ƙofar Ƙaura masu kawo hayar naira 2,400,000 a shekara. Sau da yawa 'ya'ya, saboda girmama uwa, sukan ce wa 'yan haya su riƙa tura kuɗin asusunta, rasit ma da sunanta ake rubutawa. Idan aka lissafa hayar duka a kanta, za a cire 800,000, saura 1,600,000, harajinsa naira 240,000. Alhali a rabon gado kasonta tumuni ne, ɗaya bisa takwas, wato naira 300,000, wanda ko kusa da iyakar 800,000 bai kai ba. Sauran kuɗin na 'ya'ya ne, kowa zai haɗa nasa kason da albashinsa ko ribarsa ya yi nasa lissafin. Idan matan biyu ne ko uku, tumunin nan ɗaya suke rabawa, idan kuma uwa ce ta rasu ta bar Baba da 'ya'ya, kasonsa rubu'i ne.

A ci gaba da misalin, a ce Hajiya tana sayar da atamfofi a gida, ribarta bayan an cire kuɗin saro da na mota naira 900,000 ce, tana kuma karɓar nata fanshon naira 60,000 a wata. Lissafin da ya dace shi ne a haɗa 900,000 da 300,000 su zama 1,200,000, a cire 800,000, a ɗauki kashi 15 na 400,000 da suka rage, harajinta ya zama naira 60,000 a shekara. Wanda ya cusa fanshon nan na 720,000 a ciki zai sa ta biya 168,000. Ribar ake lissafawa, ba jimillar cinikin da ya ratsa asusun banki ba, kuma kuɗin gyaran rufin shago ko fenti da aka kashe domin hayar ana cire shi, muddin akwai rasit. Idan gidan da take zaune na haya ne, dokar ta ba ta damar rage kashi 20 cikin ɗari na hayar da ta biya, iyakarsa naira 500,000. Wajibi ne kuma a lura da shekarar da kuɗin ya shigo, domin abin da aka samu a 2025 da tsohuwar doka ake lissafa shi, mai matakai daga kashi 7 zuwa 24, ba da waɗannan alƙaluman ba.

Miji da mata a Najeriya kowa harajinsa daban, babu lissafin haɗaka, don haka ba a ɗora wa mahaifiya abin da mijinta ya samu daga farkon shekara zuwa ranar rasuwarsa. Idan akwai harajin da ya rage a kansa, misali na kasuwancin da yake yi bayan ritaya, bashi ne a kan dukiyar da ya bari, a fitar da shi tare da sauran basussuka kafin rabo.

Akwai kuskuren da ba na lissafi ba ne, amma shi ya fi tayar mini da hankali. Wayar mamacin tana nan a kan durowa, ƙarshen wata saƙon banki ya shigo cewa fansho ya faɗo, ɗaya daga cikin 'ya'ya ya san lambar katin, sai a ciro a sayi buhun shinkafa da maganin Hajiya, a ce ai haƙƙin Baba ne. Niyyar mai kyau ce, amma fanshon da aka biya bayan rasuwa ba tare da an sanar ba yana iya zama kuɗin da za a nemi a mayar, ko a cire shi daga haƙƙin magada, kuma ko da ya tabbata nasu ne, an taɓa dukiyar marayu kafin rabo. Gyaran shi ne a karɓi takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, a rubuta wa mai biyan fanshon wasiƙa, a karɓi kwafin da aka buga wa hatimi, sannan a daina taɓa asusun. Tsoffin ma'aikatan tarayya da ke kan tsohon tsari, wanda gwamnati ke biya daga aljihunta, hukumar tarayya mai suna PTAD ce ke biyan su, na sabon tsari na tara kuɗi a asusu kuma kamfanin fanshon da ke riƙe da asusunsu, sojoji suna da hukumarsu, ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi kuma suna da ofisoshinsu da ƙa'idojinsu.

Kada kuma a sa wa mahaifiya rai da kuɗin da ba a tabbatar da shi ba, domin abin da zai fito ya danganta da zaɓin da mamacin ya yi lokacin ritaya. Idan ya bar kuɗinsa a kamfanin fansho ana biyan sa wata-wata, ragowar asusun na magada ne. Idan kuwa ya mayar da shi kamfanin inshora domin a biya shi har ƙarshen rayuwa, shekara 10 aka lamunce, wanda ya rasu cikinsu za a ba magadansa abin da ya rage na shekarun, wanda ya wuce su babu saura. Wanda ya rasu yana bakin aiki yana da inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Sunan da mamaci ya rubuta a fom a matsayin makusancinsa bai mayar da mai sunan mamallakin asusun fansho ba. Kamfanin fanshon zai nemi wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci, ko umarnin kotun da ke da hurumi, kuma kuɗin da ake biya a kotu domin wannan takardar ba harajin kuɗin shiga ba ne, kada a sa shi a wannan lissafin.

Mutane da dama sukan biya haraji sau biyu ba su sani ba. Idan mai hayar shagon kamfani ne ko ofishin gwamnati, yakan cire kashi 10 cikin ɗari na hayar ya kai wa hukuma, wannan kuma biyan farko ne da za a rage daga harajin ƙarshen shekara, amma sai da takardar shaidar cirewar. A nemi takardar tun lokacin biya, a kuma tabbatar sunan mamaci ba shi ne har yanzu a kanta ba.

Harajin mutum jihar da yake zaune ake biya wa, ba jihar da mijin ya yi aiki ba, don haka mahaifiyar da ke zaune a Katsina ko Daura da Hukumar Tattara Kuɗaɗen Shiga ta Jihar Katsina za ta yi hulɗa, ko da a Legas marigayin ya ƙare aikinsa. Ana miƙa bayanin kuɗin shigar shekarar da ta gabata zuwa ranar 31 ga Maris. Idan bayan fita takaba 'ya'ya sun yanke shawarar ta koma wurin ɗayansu a Kano ko Kaduna, inda take zaune ranar 1 ga Janairu shi ake dubawa, sai a sanar da hukumar Katsina a rubuce, a buɗe mata fayil a sabuwar jihar da lambarta ta NIN.