Yadda za ka gane ko gishiri ne ke damunka ko abin da aka haɗa shi da shi

Gwaggota ta yi kusan wata biyu tana cin miya lami a unguwar Runjin Sambo da ke Sakkwato. Dalili kuwa, sau uku tana tashi daga kan akushi sai jikinta ya yi ruɗu-ruɗu da borin jini, leɓe ya kumbura, ta kwana tana susa. Da na je gaishe ta sai ta ce, "Ɗana, gishiri na. Jinina ba ya son shi yanzu." Na ce, "Gwaggo, to burodin da kike karyawa da shi kullum fa, ba gishiri a ciki?" Ta yi shiru. Daga baya muka gano duk ranakun nan uku da busasshen kifi aka yi miyar.

Irin wannan zargi ya yi yawa, don haka ga yadda ake bin sawun abin.

Da farko ka cire wa gishiri laifin da ba nasa ba. Borin jini na abinci yana faruwa ne idan garkuwar jiki ta ɗauki wani abu, galibi furotin, a matsayin maƙiyi, ta saki sinadarin histamin, shi ne fata ke kumbura tana ƙaiƙayi. Gishiri ba furotin ba ne. Sodiyam ne da kuloraid, kuma duka biyun suna cikin jininka da hawayenka da zufarka tun ranar da aka haife ka. Ruwan da ake ɗaura wa marar lafiya a asibiti ma sau da yawa ruwan gishiri ne. Haka zancen aidin da ake sawa a gishirin leda, wanda Najeriya ta wajabta tun 1993 saboda maƙoƙo: jiki na buƙatarsa, ba ya yaƙarsa.

Sai ka nemi ɗan littafi. Mako biyu, duk abin da ya shiga bakinka ka rubuta, da lokacin, da abin da jiki ya yi bayan nan. Kada ka rubuta "tuwo da miya" ka tsaya. Tambayi mai girki abin da ta zuba. Kifi ne? Gyaɗa? Ƙwai? Wane dunƙule? Yajin tsire da kilishi duk da ƙuli-ƙuli ake haɗa su, amma da yake gishirin ne harshe ke fara ji, shi ake kamawa. Ka rubuta magani ma, har da na gargajiya da wanda ka saya a kemis, domin magungunan ciwon jiki da wasu na kashe ƙwayoyin cuta sun fi abinci jawo borin jini ga mutane da dama. Borin abinci yakan bayyana cikin mintuna zuwa awa biyu. Abin da ya fito washegari da yamma, da wuya a ce tuwon jiya ne.

Idan wani abu ya yi ta maimaituwa a littafin, cire shi shi kaɗai, ka bar gishirinka yadda yake, ka ga ko abin zai lafa. Wanda ya cire abu biyar a lokaci guda, ko ya samu sauƙi bai san wanne ba ne. Amma akwai iyaka. Duk wanda harshensa ko maƙogwaronsa ya taɓa kumbura, ko numfashi ya sarƙe, ko jiri ya ɗebe shi bayan cin abinci, kada ya gwada komai a gida. In abin ya taso, asibiti mafi kusa za a nufa nan take, don allurar adirinalin ake yi, ƙwayar maganin ƙaiƙayi ba ta isa. Binciken musabbabi kuma a bar wa likita, ko a Asibitin Ƙwararru ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Ka kuma duba kalanda. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ƙurajen zafi da ƙaiƙayin zufa ba sa buƙatar taimakon miya. Da hunturu kuma fata ta tsage, gishiri ya taɓa wurin, dole ya yi zogi, kamar yadda yake yi wa mai faso ko mai yanka a yatsa.

Yanzu ga inda gishiri ke da laifi da gaske, kuma nan ne ba a cika zarginsa ba saboda ba ya ƙaiƙayi. Akwai mutanen da ƙodarsu ba ta saurin fitar da sodiyam. In sun ci da yawa sai jiki ya riƙe ruwa, jini ya hau. An fi samun haka ga baƙar fata, da masu shekaru, da masu ciwon suga ko ciwon ƙoda. Wani zai ga zobe ya matse yatsa ko takalmi ya kama ƙafa da yamma, amma mafi yawa ba sa jin komai sai ranar da aka kwashe su.

Gwajin wannan da na'urar awon jini ake yi. Ka auna da safe kwana uku a jere, kafin shayi ko goro, bayan ka zauna minti biyar, baya a jingine, hannu a kan tebur daidai ƙirji. Rubuta lambobin a littafin nan. Sannan ka rage gishiri sosai na mako uku ko huɗu, ka sake awo a irin lokacin. In lambar ta sauko a fili, jikinka na cikin masu jin gishiri. In tana kai 140/90 ko sama, ka kai wa likita littafin, kuma mai shan maganin hawan jini kada ya ajiye shi don yana wannan gwaji.

Ragewar ita ce aikin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma lissafin ya haɗa da wanda ke ɓoye. Dunƙulen ɗanɗano mafi yawansa gishiri ne. Tukunya ɗaya a jefa shida, sannan a bi da barbaɗe. Ga garin da ke cikin ledar taliyar yara, ga yaji, ga kifin gwangwani. In ka ga sodiyam a jikin leda, ninka shi sau biyu da rabi ka samu nauyin gishirin. Kanwa ma sodiyam ce, ko da ba ta yi ɗanɗanon gishiri ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego, don haka mai jegon da ƙafarta ke kumbura ko take haki a kwance, a dakatar da kunun a kai ta asibiti, ko da kaka za ta yi faɗa.

Kada a yanke gaba ɗaya rana guda, maigida zai ture kwano. A rage dunƙule ɗaya wannan makon, wani a mako mai zuwa, a ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta, waɗanda ba mu rasa su ba a ƙasar nan. Cikin 'yan makonni harshe ke sabawa, har miyar biki ta fara yi maka zartsi.

Wasu in an ce su rage sai su koma gishirin Foga ko balma, wai na gargajiya ba ya hawar da jini. Sodiyam ɗin ɗaya ne, sai dai wannan ba a sa masa aidin ba. Akwai kuma gishirin kanti da ake sayarwa don masu hawan jini, wanda aka maye wani kasonsa da fotasiyam. Mai ciwon ƙoda kada ya taɓa shi sai ya tambayi likitansa.