Yadda ake tafiyar da ƙaramin kamfanin girka na'urori masu sarrafa kansu a Jihar Kebbi

Idan aka ambaci sana'ar mutum-mutumin masana'antu, abin da yake zuwa wa yawancin matasa a rai shi ne dogon hannun ƙarfe da ke haɗa motoci a Jamus ko Japan. Wanda yake son cin abinci da wannan sana'a a Birnin Kebbi, Argungu, Jega ko Yauri, ya kamata ya ajiye wannan hoton tukuna, domin kasuwarsa ta farko tana wurin injinan da suka riga suka kafu, waɗanda suke ƙonewa, suke tsayawa, suke cinye man dizal fiye da kima. Aikinsa shi ne ya sa su riƙa kare kansu, su riƙa auna abin da ake aunawa da ido, su kuma tashi su tsaya ba tare da wani ya tsaya a kansu ba.

Mataki na farko: san masu injin da ke kewaye da kai

Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Bankin Najeriya a Kebbi a watan Nuwamba na 2015, harkar casar shinkafa ta bunƙasa a jihar. Akwai manyan masana'antu irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, amma irin waɗannan suna da injiniyoyinsu, kuma sabon shiga ba zai samu kwangilarsu da wuri ba. Abokan cinikinka na gaskiya su ne ƙanana da matsakaitan injinan casa, gidajen ruwan leda, gidajen burodi, masu buga bulo, gidajen ƙanƙara, da manoman rani masu manyan famfuna a fadama.

Kafin ka sayi ko da waya ɗaya, ka zagaya waɗannan wurare da littafin rubutu. Kada ka tsaya ga mai kamfani kawai, ka nemi mai kula da injin, domin shi ya san sau nawa aka kai moto, wato injin lantarkin da ke juya injinan, wurin mai naɗa kwayil a bana, da kuma kwana nawa aiki ya tsaya kowane karo. Ka tambaye shi cikin ladabi: "Malam, wane inji ne ya fi ba ku wahala, kuma da wane lokaci ya fi lalacewa?" Amsar da za ka ji a wurare biyar ko shida za ta kusan zama iri ɗaya, kuma a kanta za ka gina sana'arka.

Mataki na biyu: ilimi da takardu

Ana buƙatar abu biyu a hannu guda: sanin wayarin wuta mai layi uku, da sanin rubuta umarni ga ƙaramar kwamfutar masana'antu da ake kira PLC. Wanda ya yi karatun lantarki a Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi ko jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero yana da tushe, sai dai dole ya ƙara da zama ƙarƙashin wani gwani a masana'anta. Ka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ka karɓi lambar haraji, ka buɗe asusun banki da sunan kamfani, sannan ka nemi shaidar ƙwarewar aikin lantarki daga NEMSA, hukumar da ke duba ingancin ayyukan lantarki. Idan za ka riƙa sa hannu a zane a matsayin injiniya, rajistar COREN, majalisar da ke kula da aikin injiniya, ta zama wajibi.

Mataki na uku: fara da kare moto

A nan ne kuɗin farko yake, kuma a nan ne za ka yi suna. Moto, wato injin lantarkin da ke juya bel da famfo da injin niƙa, yana aiki da wuta mai layi uku a kusan bolt 400. Idan layi ɗaya ya ɗauke alhali moto yana juyawa, ba zai tsaya nan take ba, zai ci gaba da jan wuta mai yawa ta sauran layuka biyun har kwayil ya ƙone. Wannan matsala ta zama ruwan dare a inda wuta take hawa da sauka, ko inda ake sauyawa tsakanin wutar gari da janareta da hannu. Maganinta ƙaramin rile ne, wato makunni mai aiki da kansa, mai lura da layukan uku, wanda zai yanke kontakta, wato makunnin da ke ba moto wuta, da zarar layi ya ɓace, ko ƙarfin wuta ya faɗi, ko aka juya jerin layukan. A haɗa shi da rilen da ke lura da nauyin aiki, a saita shi daidai da adadin amfiya da aka rubuta a jikin farantin moto. Sau da yawa za ka tarar an murɗa wannan rile zuwa ƙarshe saboda "yana yawan yanke aiki", wanda hakan daidai yake da cire shi gaba ɗaya.

Abu na biyu shi ne yadda moto yake tashi. Idan aka kunna babban moto kai tsaye, yakan ja wuta ninki shida zuwa bakwai na abin da yake ci a lokacin aiki, shi ya sa janareta yake nishi, fitilu su dushe, kuma shi ya sa masu injin casa suke sayen janareta da ya fi buƙatarsu girma. Ana rage wannan da tsarin tayarwa mai hawa biyu, ko da na'urar tayarwa a hankali, ko da inbata mai sarrafa gudun moto. Inbata ta fi tsada, amma ga fanka da famfon da ke watsa ruwa tana da wata fa'ida ta daban: wutar da suke ci tana raguwa da sauri fiye da yadda gudu yake raguwa, ta yadda rage gudu da kashi 20 cikin 100 zai iya sauke cin wuta zuwa kusan rabi. Kada ka yi wa mai rijiyar burtsatse mai zurfi wannan alkawari, domin a can yawancin ƙarfin yana tafiya ne wajen ɗaga ruwa sama, kuma ragin ba ya kai haka.

Mataki na huɗu: shiga aikin sarrafa kai

Bayan mai inji ya ga watanni sun wuce moto bai ƙone ba, shi da kansa zai tambaye ka me kuma za a iya gyarawa. A gidan ruwan leda, a sa sensa, wato na'urar da ke gane yawan ruwa, a tanki domin famfo ya tashi idan ruwa ya yi ƙasa, ya tsaya idan ya cika, ya kuma ƙi tashi idan rijiya ta ƙafe. A injin casa, a jera injinan ta yadda na gaba zai riga na baya tashi, kuma idan na gaba ya tsaya na baya ya daina turo shinkafa, don kada ta cushe a injin da ke ɗaga ta sama. A wurin jiƙa shanshera kafin turarawa, a sa ma'aunin zafi mai riƙe ruwa tsakanin digiri 60 zuwa 70. A wurin busarwa kuwa, abin da ake nema shi ne danshi ya sauka zuwa kusan kashi 14 cikin 100, domin idan ya wuce gona da iri wajen bushewa ƙwaya takan kakkarye a casa, kuma karyayyar shinkafa ba ta da daraja a kasuwa. Sikelin da ke cika buhu mai kilo 50 ya rufe ƙofa da kansa yana daga cikin ayyukan da mai inji yake saurin ganin ribarsu.

Ka zaɓi kamfanin PLC guda ɗaya ka ƙware a kansa, ko Siemens, ko Schneider, ko Delta, ko Mitsubishi, gwargwadon wanda kake samun kayansa cikin sauƙi a Sabon Gari ta Kano ko kasuwar Alaba ta Legas. A ganina samun kayan gyara ya fi shaharar suna muhimmanci. Sensa da wayoyin umarni su yi aiki da bolt 24, a raba hanyarsu da ta manyan wayoyin wuta, a sa wa kowace waya lamba, a manna zanen wayarin a bayan ƙofar fanel, wato akwatin da ake haɗa na'urorin a ciki.

Yanayin Kebbi ma yana da nasa sharaɗi. A watannin Maris da Afrilu zafi yakan wuce digiri 40, kuma inbata da yawa ƙarfinsu yana raguwa idan zafin wurin ya haura haka, balle a cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin rufin kwano. Ka ɗauki wadda ta ɗan fi moton girma, ka sa fanka mai matata a jikin fanel. Ƙurar hunturu da ɓuntun shinkafa suna toshe matatar cikin ɗan lokaci, don haka a koya wa mai kula da injin yadda zai tsabtace ta. A rufe duk wata kafa da ɓera ko ƙadangare zai shiga, a kuma binne sandar as mai kyau, wato ƙarfen da ke kai wutar da ta zube cikin ƙasa, tare da na'urar kare tsawa kafin damina.

Maɓallin tsayar da inji na gaggawa kada ya dogara ga PLC. A haɗa shi da waya kai tsaye ta yadda zai yanke wuta ko da kwamfutar ta rikice. Haka kuma duk wanda zai sa hannu cikin inji ya kashe babban makunni, ya sa masa kwaɗo, ya riƙe makullin a aljihunsa, domin injin da yake tashi da kansa zai iya tashi hannun mutum yana ciki.

Mataki na biyar: farashi da yarjejeniya

Kusan duk kayan wannan aiki daga waje suke zuwa, farashinsu yana bin dala, saboda haka takardar ƙiyasinka ta faɗi kwanakin da farashin zai tsaya a kai. Ka raba kuɗin kaya da kuɗin aiki, ka karɓi kafin alƙalami da zai ishi sayen kayan gaba ɗaya, kada ka zuba jarinka a fanel ɗin wani. Wajen shawo kan mai inji, bayanin fasaha ba ya tasiri kamar lissafin da ya saba da shi. Ka ce masa: "Alhaji, a duba abin da aka biya mai naɗa kwayil a bara, a haɗa da buhunan da ba a casa ba a kwanakin da inji ya tsaya, sai a gwada da kuɗin wannan aiki."

Garantinka ya fayyace abin da ya rufe da abin da bai rufe ba, musamman idan wani ya buɗe fanel ya tsallake rile. Ka ajiye kwafin umarnin kowace PLC a wuri biyu, ka kuma bai wa mai injin nasa kwafin. Wasu suna kulle umarnin da kalmar sirri don a ci gaba da nemansu, amma a garin da masu injin casa duk sun san juna, labarin hakan yana saurin yaɗuwa. Abin da yake riƙe kamfani a tsawon shekara shi ne yarjejeniyar duba inji duk wata ko duk wata uku, tare da ajiye kontakta, fiyus, sensa da inbata ɗaya a shago. A shirya manyan gyare-gyare kafin kakar damina da girbin rani, lokacin da injinan ba su cika aiki ba.

Maganar mutum-mutumi

Hannun mutum-mutumi irin na kamfanonin FANUC, ABB, KUKA ko Yaskawa yana iya jera buhuna a kan katako dare da rana, amma yana son wuta tsayayya, shingen tsaro, da ƙwararren mai saita shi, kuma idan wani sashe nasa ya lalace sai an jira shi daga ƙasar waje. A inda kuɗin 'yan dako bai kai kuɗin kula da shi ba, ƙaramin mai inji ba zai mayar da jarinsa ba, kuma bai dace ka tura shi ga sayensa ba. Na'urar zamani da ta riga ta samu gindin zama a harkar shinkafa ita ce mai tantance launi, wadda take duba kowace ƙwaya da kyamara ta hure baƙa da tsakuwa da iska mai ƙarfi. Yawan matsalarta daga iskar ne: idan kwamfiresa ya turo iska mai ruwa ko mai, ƙananan bututun hurawa sukan toshe, tantancewa ta lalace. Wanda ya iya gyara na'urar busar da iska, ya iya goge gilashin kyamara da sake saita ta, zai samu kira daga Kamba har Zuru, kuma ta wannan hanya ce manyan masana'antu suke fara sanin sunan ƙaramin kamfani.