Yadda Ake Gane Amosanin Gaɓɓai Tun Bai Lanƙwasa Yatsu Ba

Da hunturu ya kankama a Kaduna, mata da yawa kan wayi gari yatsu sun sandare, a ce ai sanyi ne. Ba kullum ba. Akwai amosanin da garkuwar jiki ke haddasawa, wanda a Turance ake kira rheumatoid arthritis: fararen ƙwayoyin jini, masu aikin yaƙar cuta, su ne ke juyawa kan tantanin da ya shimfiɗe cikin gaɓa. Suna sakin sinadarai masu jawo kumburi irin su TNF, tantanin ya kumbura ya yi kauri, a hankali ya cinye guringuntsi har ya taɓa ƙashi. Abin da ya cinye ba ya dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 18 ke fama da shi, kusan kashi 70 cikin ɗari mata, shi ya sa da ke nake, 'yar'uwa.

Fara da lura da safiyarki. Sandarewar tana wuce rabin awa? Hannu biyu ne tare, yatsu da wuyan hannu, da kumburi da ɗumi? Ciwon gwiwa na tsufa aiki ke tayar da shi, wannan kuwa sai an motsa yake sassautawa.

In haka ne, kada ki jira makonni su tara. Ki je Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ki nemi likitan gaɓɓai. Za a gwada jini, RF da anti-CCP da ESR. Gwajin na iya fitowa lafiya alhali cutar na nan, don haka duban likita ne kan gaba.

Maganin da aka fi farawa da shi, methotrexate, yana lafar da garkuwar ne, kuma sai ya yi makonni kafin a ji aikinsa. Sau ɗaya ake sha a mako, ba kullum ba. Kuskure a nan yana kisa. Mai ciki ko mai neman haihuwa ta faɗa wa likita tun farko.

Abin da ya fi damuna shi ne haɗin kemis. Maganin dexamethasone da akan sa a ciki kan kwantar da ciwo nan take, amma daɗewa a kansa na jawo ciwon suga da hawan jini da raunin ƙashi. In kin daɗe kina sha, kada ki yanke rana ɗaya, likita ne zai rage miki a hankali.

Da safe ki jiƙa hannu a ruwan ɗumi, ki motsa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Mai shan sigari kuma ya daina, don tana ƙara tsananta cutar.