Yadda Ake Sauka a Masaukin Wikki da Ke Tsakiyar Dajin Yankari

Duk wanda ya yi niyyar kwana a masaukin da aka gina a tsakiyar gandun namun daji, abu na farko da ya kamata ya tsayar shi ne lokacin tafiya, domin yanayin shekara ne ke yanke hukuncin abin da zai gani. A Yankari, da ke Ƙaramar Hukumar Alƙaleri ta Jihar Bauchi, damina tana sauka daga wajajen watan Mayu zuwa Satumba, kuma a wannan lokaci ciyawa kan yi tsawo, ruwa ya wadata a kowane kwari, dabbobi su warwatsu cikin daji mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 2,244, har baƙo ya yi wuni yana yawo bai ga komai ba sai ganye. Idan rani ya yi nisa, musamman daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, tafkunan daji sukan ƙafe, ƙishirwa ta tilasta wa giwaye da ɓauna da gwanki su gangaro kwarin kogin Gaji, inda hanyoyin mota suke bi. Zafin bazara yana da tsanani, amma shi ne farashin ganin dabbobi. Wanda ba ya jure zafi yana iya zaɓar hunturu, sai dai ya sani cewa hutun ƙarshen Disamba da na Sallah kan cika masaukin da jama'a da hayaniya, kuma ba a samun ɗaki sai an kama tun da wuri.

Hanyar tana da sauƙin ganewa. Daga birnin Bauchi ana bin titin Gombe zuwa Dindima, a karkata kudu zuwa ƙauyen Mainamaji inda babbar ƙofar gandun take, a biya kuɗin shiga, sannan a ƙara tafiyar kimanin kilomita 42 a cikin daji kafin a isa masaukin Wikki. A cika tankin mota a Bauchi, a duba tayar safaya, a kira masaukin a tabbatar da ɗaki, a kuma tambayi halin da hanya take ciki a ranar. Ya kamata a tsara tafiyar yadda za a shiga ƙofa da sauran rana, kuma a rage gudu bayan an shiga, saboda dabba ba ta duba hagu da dama kafin ta tsallaka titi.

Game da kaya, kaɗan ne suke da muhimmanci na gaske. A ɗauki tufafi masu launin ƙasa ko toka, masu dogon hannu, a bar baƙi da shuɗi a gida domin ƙudan tsando yana bin waɗannan launuka, kuma cizonsa yana ratsa yadi mara kauri. Farar shadda mai sitaci ta dace da ɗaurin aure, amma a bayan motar daji ƙura za ta mayar da ita ja kafin hantsi. A haɗa da rufaffen takalmi, da hula mai baki, da rigar sanyi idan hunturu ne, da tocila mai ƙarfi, da maganin shafawa na korar sauro, da duk wani magani da mutum yake sha kullum, tun da babu kantin magani a kusa. Wuta takan ɗauke, sabis ɗin waya kuma yakan yi rauni, saboda haka batirin ajiya na cajin waya da tsabar kuɗi a aljihu suna raba mutum da damuwa. Idan za a sayi abu ɗaya tak saboda wannan tafiya, ni a ganina madubin hangen nesa ya fi kyamara mai tsada amfani, domin dajin yana da tsuntsaye fiye da nau'i 350, kuma yawancinsu ido kaɗai ba ya ƙoshi da su.

Da an karɓi makullin ɗaki, darasi na farko shi ne na gwaggon biri. Waɗannan birai sun daɗe da sabawa da mutane a Wikki, sun san cewa leda tana nufin abinci, sun san yadda ake tura ƙofar da ba a kulle ba, kuma suna iya shiga mota ta gilashin da aka bari a buɗe kafin mai ita ya gama sauke jaka. Saboda haka a riƙa kulle ƙofa da taga ko da fitar minti biyu za a yi, kada a riƙe leda a hannu ana yawo, kada a bar yaro shi kaɗai da biskit ko lemo, kuma idan babban namiji ya riga ya fizge abu, a sakar masa, domin haƙoransa sun fi na kare tsawo kuma ba ya wasa da abin da ya shiga hannunsa. Mafi muni shi ne a miƙa musu abinci da gangan don a ɗauki hoto, saboda birin da ya koyi karɓa daga hannun mutum shi ne gobe zai yi wa wani baƙo ƙwace da ƙarfi. Gyado ma, wato mugun dawa, yana kiwo a tsakanin ɗakuna yana durƙushe a kan gwiwoyinsa na gaba kamar ba ruwansa da kowa, amma haurensa kaifi ne da shi, kuma uwa mai 'ya'ya ba ta son a matso.

Da dare kada a fita ba tocila, kada a yi tafiya ba takalmi, kuma da safe a kakkaɓe takalmin kafin a zura ƙafa saboda kunama. Wanda zai fito alwala da asuba ya haska gabansa da gefensa kafin ya taka, ya kuma tsaya a harabar da ke da haske.

Fita kallon dabbobi ita ce zuciyar ziyarar, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin asarar kuɗinsu ta hanyar makara. Dabbobin daji suna kiwo da shan ruwa da sanyin safiya da kuma bayan la'asar, idan rana ta take kuwa sai su shige inuwa su kwanta, don haka wanda ya tsaya sai ya yi wanka ya karya kumallo a natse kafin ya nemi mota zai tarar da daji shiru. A yi magana da ofishin masaukin tun da yamma a kan motar da za ta fita da sassafe, a biya abin da ake biya, a san wurin haɗuwa. Ba a shiga dajin sai da ɗan jagora daga ma'aikatan gandun, kuma maganarsa ita ce doka: idan ya ce a yi shiru a yi shiru, idan ya ce kada a sauka daga mota kada a sauka, ko da giwar tana nesa kuma hoton bai fito yadda ake so ba. Giwa mai ɗa tana iya tasowa ba tare da dogon gargaɗi ba, kuma idan ta buɗe kunnuwa ta ɗaga kai tana fuskantar mota, alama ce cewa an matsa mata. Tsohon ɓauna da ya ware daga garke yana cikin dabbobin da mafarauta kansu suke shakka, dorina kuma, duk da nauyin jikinta, ta fi mutum gudu a tudu, kuma babu wuri mafi haɗari kamar tsakaninta da ruwa. A kashe ƙarar waya, a rage murya, a bar ɗan jagora ya karanta sawu da kashi da karyayyun rassa, domin da su yake sanin inda garke ya nufa.

Ya kamata kuma a daidaita buri. Yankari tana da ɗaya daga cikin garkunan giwaye mafi girma da suka rage a Najeriya, amma dajin yana da faɗi, kuma babu jagoran da zai iya yi wa baƙo alkawarin ganinsu a fita ɗaya. Zaki ya yi ƙaranci ƙwarai, ganinsa sai an yi babbar sa'a. Abin da aka fi samu shi ne gwambaza da kanki da mazo da kada da birai iri-iri. Wannan ne dalilin da ya sa kwana biyu ya fi kwana ɗaya, domin yana ba da damar fita safe da yamma fiye da sau ɗaya, kuma wanda ya zo da rana ya juya da la'asar wanka kawai ya zo yi.

Wankan ma yana da nasa matsayi. A ƙarƙashin masaukin, bayan an sauka matakala, maɓuɓɓugar Wikki tana fitowa daga gindin dutse da ruwa garai-garai wanda ɗuminsa yake tsaye a wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina, kafin ya gangara ya haɗu da kogin Gaji. Tsakar rana, lokacin da daji ya yi tsit, ita ce lokacin da ya fi dacewa da shi. Wajen bakin dutsen ya fi zurfi, har yana iya shanye tsayin mutum, don haka wanda bai iya iyo ba ya tsaya ta ƙasa inda ruwan bai kai ƙirji ba, yara kuma kada a ɗauke ido daga kansu. Kada a shiga da sabulu, kuma a bar mutum ɗaya yana gadin kaya, domin birai sun san cewa mai wanka ba ya iya bin su. Iyalin da suke son sutura da natsuwa su zaɓi ranakun aiki maimakon Asabar da Lahadi.

Idan lokaci ya rage, a nemi jagora ya kai baƙi Kogunan Marshall, wato ɗakunan da mutanen zamanin da can suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey, da wuraren narkar da tama na Ampara, waɗanda suke nuna cewa mutane sun zauna a wannan daji tun kafin a keɓe shi a 1956 a kuma buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Ba a ɗaukar komai daga waɗannan wurare, ko da guntun kasko ne, kuma ba a rubuta suna a jikin dutse.

Ranar tafiya a tattara robobi da ledoji a fita da su, a sallami ɗan jagora da direba da ɗan hasafi gwargwadon hali, sannan a kama hanya da hantsi domin a isa Dindima a hau babban titi tun rana tana sama.