Yadda za ka hana 'yan ajin farko na kimiyyar kwamfuta karaya

Duk mai koyar da rubuta manhaja ga sababbin ɗalibai ya san yadda abin yake: makon farko aji cike, kowa na zumuɗi, kafin tsakiyar zango kuwa jiki ya yi sanyi. A ganina ba wuyar darasin ke korarsu ba. Suna ta rubutu ne ba su ga abin da ya haifar ba.

To ka fara da abin da ido zai gani. A 2003 Mark Guzdial ya ɓullo da wani kwas a jami'ar Georgia Tech ta Amurka, inda ɗalibai ke koyon Python, wani yaren rubuta manhaja, ta hanyar sarrafa hotuna da sauti. Dabarar tana da sauƙin kwaikwayo. Maimakon ka ce su haɗa jimillar lambobi daga 1 zuwa 100, sa kowa ya kawo hotonsa, ya rubuta 'yan layuka da za su bi hoton ɗigo-ɗigo su mai da shi baƙi da fari. Umarnin da ke sa kwamfuta ta maimaita aiki dai ɗaya ne a duka biyun, amma wannan aikin ɗalibi zai kai wa abokinsa ya gani.

Sai batun saƙon kuskure, wanda shi ya fi karya musu gwiwa. Yarinya ta manta ɗigo biyun (:) da ke rufe layin if, wato layin da ke gindaya wa kwamfuta sharaɗi, allo ya cika da jan rubutu, nan take ta yanke wa kanta hukunci cewa ba ta da kan abin. Saboda haka kada ka zo aji da aikin da ka gama a gida. Rubuta a gabansu. In kuskure ya fito, karanta shi da ƙarfi, ka fara daga layin ƙarshe domin nan Python ke faɗin irin matsalar, ka nemo lambar layin, ku gyara tare.

A ɗakin gwaji ka zaunar da su biyu-biyu, ɗaya na bugawa ɗaya na dubawa, suna musanya bayan kowane minti 15. Amma kada ka haɗa gwani da sabon shiga, don gwanin zai ƙwace aikin ya bar ɗan'uwansa da kallo.

Su kuma waɗanda suka iya tun kafin su zo, masu tambaya don a san sun sani, ba su ƙarin aiki mai tsauri su yi a gefe, ka amsa musu bayan an tashi.